Hukuncin Yaron Awo Da Yake Biyan Kansa Daga Rarar Sikeli

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni matashi ne daga wani ƙauye a ƙasar Gumel. Kawuna ne ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina, yanzu kuma ni ne yaronsa a harkar riɗi da zoɓo. Da kaka muna bin ƙauyuka muna saye a hannun manoma, mu tara mu kai Dawanau. Ni nake kama sikeli. Ya sa na murɗa shi yadda kowane buhu zai ragu da kilo 2, ban da kilo 1 da kowa ya san ana cirewa na buhu da datti. Kaka uku ke nan ina masa aiki, ba mu taɓa yanke lada ba, sai abin da ya ga dama ya miƙo mini. Wani ɗalibin ilimi ya ce mini a Malikiyya wanda aka danne wa haƙƙi yana iya ɗauka a ɓoye. Shi ya sa nake cire wani abu daga kuɗin rarar nan ina tarawa saboda aure. Shin abin da na tara halal ne?

AMSA

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka tambaya kafin kuɗin nan su zama sadaki.

Ka tambaye ni tsakaninka da kawunka, amma a cikin maganarka akwai mutum na uku da ka wuce shi da sauri, shi ne manomin da ya tsaya yana kallon allurar sikeli yana zaton gaskiya take faɗa masa. Ka ce daga kuɗin rara kake ɗauka. To a nan hukuncin ya tsaya. Rarar kilo 2 ɗin nan ba ta taɓa zama dukiyar kawunka ba, balle ka ce bashinka kake cira daga cikinta. Ta manoma ce, tana nan a matsayin tasu ko an kai ta Dawanau an sayar an juya kuɗin sau goma. Don haka abin da ka tara haramun ne gare ka, kuma wajibi ne ya koma ga masu shi.

Kilo 1 na buhu da datti babu laifi a kansa, muddin manomi ya sani kuma a gabansa ake cirewa, al'adar kasuwa ce. Murɗa sikeli kuwa tauye awo ne, Suratul Muɗaffifina ta isa hujja, babu malamin da ya yi saɓani. Kuma cewa an sa ka ne ba ya wanke ka, domin hannunka ne ya murɗa, bakinka ne yake faɗa wa manomi adadin ƙarya. Ba a yi wa abin halitta ɗa'a a saɓa wa Mahalicci.

Sai maganar ɗalibin nan, wadda nake so in tsaya a kanta, saboda ta yaɗu a tsakanin yaran shago da direbobi da masu jiran sito. Mas'alar tana nan a littattafai, ana kiranta mas'alatuz zafar, wato mutum ya ɗauki haƙƙinsa da kansa daga dukiyar wanda ya danne masa. Imamu Shafi'i ya halatta, mashhurin zancen Imamu Ahmad hani ne, su Ibnu Taimiyya kuma suka ce sai idan dalilin haƙƙin a fili yake kowa ya san shi, kamar ciyar da mata da 'ya'ya. Masu halattawa suna kafa hujja da Hindu bintu Utba, wadda ta kai ƙarar rowar Abu Sufyan, Annabi (SAW) ya ce ta ɗauki abin da zai ishe ta da 'ya'yanta gwargwadon al'ada, kamar yadda Bukhari da Muslim suka ruwaito. Masu hanawa suna riƙe da hadisin Abu Dawud da Tirmizi da ya yi umarni a mayar da amana ga wanda ya ba da ita, kada a ha'inci wanda ya yi ha'inci, ko da yake wasu malamai sun yi magana a kan ingancinsa.

Ɗalibin bai yi wa Malikiyya ƙarya ba, rabin magana ya ɗauko ya bar rabi. Shehu Khalil a Mukhtasar ya halatta wa mutum ya ɗauki abinsa idan ya samu iko, amma da sharaɗin ya amintu daga fitina, ya kuma amintu daga a jingina masa abin kunya irin sata. Ka gaya mini, ranar da kawunka ya zauna da littafin lissafi ya ga giɓi, wane suna za a kira ka da shi a garinku? Mahaifiyarka da ɗan'uwanta za su sake zama a tabarma ɗaya? Sharuɗɗan biyu duk sun faɗi. A babin ajiya ma Khalil ya hana wanda aka ba amana ya ɗiba don rama zalunci. Na san masu sharhi da dama sun rinjayar da halacci a wurin, amma su ma suna magana ne a kan haƙƙi tabbatacce wanda aka san adadinsa.

Naka kuwa nawa ne? Kai da bakinka ka ce ba ku taɓa yanke lada ba. Risala, littafin fiƙihun Malikiyya, ta faɗa a sarari cewa ijara, wato ɗaukar mutum aiki da lada, tana halatta idan an sa mata lokaci an kuma ambaci lada. Idan ba a yi haka ba, abin da ma'aikaci yake da shi shi ne ladan da ake ba irinsa a wannan aiki a wannan wuri. Masana harkar ko alƙali su ne za su ƙiyasta shi, su duba abin da ya riga ya ba ka. Ba a barin mai bin bashi ya zama shi ne shaida, shi ne alƙali, shi ne mai karɓa cikin dare. Sannan ba ka ce ka taɓa nema ya hana ka ba. Hindu zuwa ta yi ta faɗa aka ba ta izini, kuma daga dukiyar mijinta aka ce ta ɗauka. Ko da duk sharuɗɗan nan sun cika maka, babu mazhabar da ta ce wanda Audu ya cuta ya je ya fanshe a rumbun Tanko.

Yanzu ga abin yi. Ka fara da sikelin. Ka mayar da allurarsa daidai, ka gwada shi da abin da aka san nauyinsa, buhun siminti da ba a buɗe ba kilo 50 ne. Kuɗin da ka tara kuma ka ware su gefe. Manoman da ka sani, na kuma tabbata ka san yawancinsu tunda duk kaka kuke komawa ƙauyukan, ka mayar musu gwargwadon buhunan da kake rinjayar da zaton ka auna. Ba dole ne ka tona wa kanka asiri ba, ya isa ka ce wani haƙƙinsu ne ya rage a lissafi. Wanda ya rasu a ba magadansa. Wanda ka nema da gaske ba ka samu ba, ka yi sadaka da niyyar ladan ya je masa. Kada ka manta da matan da suke aiko yara da ɗan zoɓon gayaunarsu, su ne suka fi kowa jin zafin abin da aka rage, su ne kuma ba sa iya zuwa su yi gardama. Sauran rarar da ta shiga aljihun kawunka tana wuyansa, amma kai ma kana da kaso a alhakin, don haka nasiha gare shi ta zama dole a kanka.

Ka yi masa ita da ladabi. Mutumin da ya riƙe maraya har ya girma yana da haƙƙin da laifinsa bai goge shi ba. Kada ka yi a kasuwa, kada ka yi a gaban yaransa. Ka same shi bayan Isha shi kaɗai, ka ce, "Kawu, tsoro nake ji mana ni da kai, ka yafe mini kama wannan sikelin." Kada ka haɗa wannan da maganar ladanka a zama ɗaya, zai ɗauka barazana kake yi masa don ya biya ka. Ka bari a kwana biyu, sannan ka nemi limamin garinku ko wani dattijo da yake jin nauyinsa a zauna a yanke maka lada sananne, na baya da na gaba, a rubuta. Ban so ka sa mahaifiyarka a tsakiya sai idan babu makawa. Idan sulhu ya gagara, kotun shari'a tana nan, kuma neman haƙƙi ta hanyarta ba yanke zumunci ba ne.

Idan ya yarda a gyara awo, ka ci gaba da aikinka. Idan ya ce ko dai ka murɗa ko ka bar masa harkarsa, ka bari, ka ci gaba da gaishe shi da hidimar gidansa kamar da. Wanda ya iya awo da lissafi ya kuma san ƙauyuka ba ya rasa mai ɗaukarsa a kasuwar Maigatari ko ta Gujungu. Auren kuma ka gaya wa iyayen yarinyar gaskiya cewa kana buƙatar ƙarin lokaci, ko a rage kaya a yi da abin da ka samu ta halal.

Wallahu a'alam.