Hukuncin sabulun ruwan da aka sa wa turare mai alkol

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni 'yar Garin Malam ce a Damagaram. Ina haɗa sabulun ruwa a gida ina sayarwa, kayan haɗin kuma a Kasuwar Dole nake saye: asid, soda, gishiri, kala da turare. Wani mai wa'azi ya ce turaren akwai alkol a ciki, wato sinadarin da ke sa giya ta bugar, don haka sabulun najasa ne, kuɗinsa haram ne, wanda kuma ya yi salla da tufafin da aka wanke da shi sai ya rama. Hankalina ya tashi. Sannan in kaya suka yi tsada nakan ƙara ruwa da gishiri don ya yi kauri, in ɗura a gorunan da yara ke tsintowa. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam. 'Yata, ki kwantar da hankalinki. Sana'arki halal ce, babu kuma sallar da za a rama.

Wanda ya ce sabulunki najasa ne ya ɗora hukunci a kan abin da bai tabbatar ba. Da yawa daga cikin turarukan da ake sa wa sabulu na mai ne, babu alkol a cikinsu sam, asalin abubuwa kuwa tsarki ne har sai an tabbatar da akasinsa. To mu ƙaddara akwai. Gaskiya ne mazhabobi huɗu sun tafi a kan giya najasa ce, amma maganarsu a kan abin da aka dafa ko aka jiƙa don a sha a bugu take. Alkol ɗin masana'anta ba don sha ake yin sa ba, galibi ma ana gauraya masa abin da zai hana a sha. Ita kanta giyar ba a haɗu a kan najasarta ba: Rabi'a, malamin Imamu Malik, da Laisu ɗan Sa'adu da Muzani suna ganin shanta ne haram, jikinta ba najasa ba ne. Daga cikin hujjojinsu, ranar da aka haramta ta a titunan Madina aka kwarara ta, ba a kuma umarci kowa ya wanke ƙafarsa ba. Sannan nawa ne turaren? Murfi ɗaya ko biyu a cikin baho cike da ruwa da asid da soda, ya narke ya ɓace, babu mai buguwa da shi.

Ko da mun bi ra'ayi mafi tsanani, ba za mu isa inda mai wa'azin ya kai ba. Malaman Malikiyya da suka yi sharhin Muhtasar, littafin fiƙihu na Shaihu Halil, sun faɗa a fili cewa man da najasa ta faɗa masa ana iya yin sabulu da shi a wanke tufafi, sai a ɗauraye da ruwa tsantsa. Ta ina ramuwar salla ta shigo? Ɗora wa mata ramuwar sallolin shekaru a kan zato ba tsantseni ba ne.

Ɗaurayar nan ita ce abin da nake so ki riƙe, ki kuma gaya wa masu saye. Tun a Ishmawi muka karanta cewa ruwan da wani abu ya canza masa kala ko ɗanɗano ko ƙamshi ba ya gusar da hukuncin najasa. Ruwan kumfa yana fitar da dauɗa, amma zanen da yaro ya yi wa fitsari ba ya tsarkaka sai an bi shi da ruwa zalla har ruwan ya fita bai canza ba. Na san tsadar ruwa a Damagaram, na san mace kan tausaya wa jarkar da ta saya wajen ɗan garuwa. To ta fara wanke wurin najasar kaɗai da ruwa zalla kafin ta jefa zanen cikin kumfa, ya fi mata sauƙi.

Abin da ya fi damuna a tambayarki shi ne wanda kika ambata a ƙarshe kamar ba komai ba. Gishiri kauri kawai yake ƙarawa, ba ya ƙara ƙarfin wanki. Mai saye kuwa takan jirkita gorar ta ga ya yi danƙo, ta ɗauka mai ƙarfi ne, ta biya kuɗin mai ƙarfi. Wannan algus ne, hadisinsa kin san shi: wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu. Gishirin da ke cikin ma'aunin haɗi babu laifi. Laifin shi ne a tsinka sabulu da ruwa a rufe da gishiri a yi shiru. In kaya sun hau, ki ƙara kuɗi, ko ki rage ma'auni ki faɗa, ko ki yi iri biyu kowanne da farashinsa. Abin da ya wuce ki yi istigfari, waɗanda kika sani cikin masu saye ki yi musu gyara a ciniki na gaba. Gora kuma in tana ɗauke da tambarin wani kamfani, ki ɓare takardar kafin ki ɗura.

Gorunan nan suna da wani haɗarin. Yaro ya saba ganin lemo ko zoɓo a cikinsu, ga sabulu kore shar ko ja, ga ƙamshi. Ki rubuta a jiki, ki ajiye sama. Ruwan soda ya fi muni, fari ne kamar ruwan sha amma yana ƙona maƙogwaro. In ƙaddara ta faɗa yaro ya sha, kada a sa shi amai, a garzaya da shi asibiti. Sodar ake zubawa cikin ruwa, ba a zuba ruwa a kanta. A yi haɗin a baho na roba, ba a tukunyar alminiyo ba, don soda tana cin ta, a tsakar gida inda iska ke kaɗawa, da safar hannu, muciyar kuma kada ta koma madafa. Kada ki gauraya asid da jabel, wato ruwan bilic na wanki, hayaƙin haɗin yana shaƙe mutum. In sakaci ya jawo cuta ga ɗan maƙwabta, shari'a za ta tambaye ki.

Wallahu a'alam.