Alhaji, hannun jarin nan sunan wa ke kai?

Wani mai shagon wayoyi a kasuwar Dole nan Damagaram ya rubuto min. Ya ce wata bakwai da suka wuce ya ba ɗan yayarsa da ke karatu a Yamai sefa miliyan 2 ya saya masa hannun jarin kamfanonin da ke tsara ƙwaƙwalwar kwamfuta, Nvidia da AMD. Yaron kullum saye yake yana sayarwa, yanzu kuma yana so su koma Intel. Tambayarsa: ya riƙe na shekaru ne ko ya bi ta yau da gobe, kuma wanne zai ninka da wuri?

To Alhaji bari in fara da tambayar da ka yi, sannan in zo kan wadda ba ka yi ba. Wannan kasuwa ba ta mai gaggawa ba ce. AMD a 2015 dala 2 ake sayar da hannun jarinta, mutane sun ɗauka ta mutu, shugabar kamfanin Lisa Su ta tada ita har ta wuce dala 200 a 2024, wanda ya haƙura ya ci. Amma haƙurin ma ba layar tsari ba ne, wanda ya sayi Intel a 2000 lokacin tana kan ganiyarta ya yi shekara fiye da 20 farashin bai koma inda ya saya ba, ranar 2 ga Agusta 2024 ma kashi 26 ta zube rana ɗaya. Nvidia da kowa ke yabo, 27 ga Janairu 2025 labarin DeepSeek, manhajar ƙirƙirarriyar basira ta China, ya fito ta faɗi kashi 17 kafin magariba a can Amurka. Yaro mai waya a ɗakin kwanan ɗalibai ne zai riga manyan 'yan kasuwar da ke da injunan saye da sayarwa a New York? Ga kuɗin kamisho duk shiga da fita, ga canjin sefa zuwa dala. Zancen ninkawa da wuri kam ka bar shi, ba ni da amsarsa. In kuɗin da ba ka bukata ne nan da shekara 5 ko 10, ka riƙe, kuma ka raba, kar ka zuba duka a kwando ɗaya tunda Nvidia da AMD ɗin ma duk kamfanin TSMC na Taiwan ke ƙera musu kaya.

Amma abin da ya tada min hankali a saƙonka shi ne inda ka ce "yana turo min hoto ta WhatsApp". Hoto fa Alhaji! Kai da ko caja ta jaka ɗaya ka ba da bashi sai ka buɗe kaye ka rubuta suna da rana, miliyan 2 ka sake ba takarda ba shaida. Asusun sunan wa? In sunansa ne to a idon kamfanin dillancin da ke riƙe da asusun ba ka da ko dala. Ka ma tabbata hannun jarin ya saya? Da yawa daga manhajojin wayar nan na cinikin hannun jari caca ce kawai a kan farashi, da bashi a ciki, ga riba ga haɗari.

Na zauna sulhun wani dattijo a Zango, shi ma ƙanen matarsa ya ba kuɗi ya saya masa hannun jari. Yaron ba ɓarawo ba ne wallahi, farashi ya faɗi ya tsorata ya sayar da asara, kunya ta hana shi faɗa, ya yi wata huɗu yana turo tsohon hoto. Ranar da muka zauna dattijon sai juya wayar yake a hannu, ba abin da zai nuna sai wannan hoton, matarsa na kuka a bayan labule. Har yau ba sa gaisawa.

Satin nan ka kira shi ya zo gida, cikin mutunci, ya buɗe asusun a gabanka ka ga duk saye da sayarwa tun ranar farko. Ku rubuta nawa ka ba shi, nawa ya rage, nawa ne ladansa, mutum biyu su sa hannu, yayarka ta sani. In ya fara cewa intanet ba kyau ko ya manta lambar sirri, kar ka ƙara ko tamma, ka sake rubuto min.