Me ya sa Wi-Fi ɗin reshenmu na Jos ke maƙalewa?

Tambaya: Malam, kwantirolarmu, wato na'urar da ke sarrafa Wi-Fi ɗinmu, tana ofishinmu na Wuse a Abuja, na'urorin AP masu watsa Wi-Fi kuma suna reshenmu na Rayfield, kan layin PPPoE. Saƙon WhatsApp yana shiga, amma shafuka da manyan fayiloli sai su tsaya cak, wani lokacin ma AP ta ƙi haɗuwa da kwantirola. Ina matsalar take?

Amsa: Ɗan'uwa, alamun nan sun fi kama da matsalar MTU, wato iyakar girman ƙunshin bayanai da hanya ke iya wucewa da shi a tashi ɗaya. A Ethernet bayit 1500 ne. PPPoE, wato hanyar da layinku ke haɗuwa da kamfanin intanet, yana cinye 8, saura 1492.

AP da kwantirola suna magana ne da CAPWAP, ƙa'idar da IETF, ƙungiyar tsara ƙa'idojin intanet, ta fitar a 2009 a matsayin RFC 5415. Umarni na bin ƙofar UDP 5246, bayanan masu amfani kuma 5247. Idan bayanan na bi ta kwantirola, duk ƙunshin da ya fito daga wayar ma'aikaci sai an sake naɗe shi: bayit 20 na IPv4, 8 na UDP, aƙalla 8 na CAPWAP. Kamar a cika buhun dankali taf, a zura shi cikin wani buhun, sannan a ce ya bi ƙofar da da ma da ƙyar yake wucewa. Ƙaramin saƙo bai san ana yi ba. Takardun shaidar da ake musaya lokacin ƙulla DTLS, wato haɗin sirri tsakanin AP da kwantirola, kuwa manya ne, shi ya sa AP ke maƙalewa tun a bakin ƙofa.

Masu ƙa'idar sun hango haka. CAPWAP na gutsura ƙunshi da kanta, kowane gutsure da lambarsa da gurbinsa, ta kuma wajabta wa na'ura karɓar saƙon da aka harhaɗa har bayit 4096. Sai dai dole ta san faɗin hanyar, kuma saƙon ICMP, wanda na'urorin hanya ke aikowa idan ƙunshi ya yi girma, shi ne ke sanar da ita. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne masu toshe ICMP gaba ɗaya a fayawol da sunan tsaro, su bar manyan ƙunsoshi suna ɓacewa shiru.

Daga kwamfutar Windows a Jos, buga ping -f -l 1472 zuwa kwantirola, ka riƙa rage adadin har amsa ta dawo, sai ka ƙara 28. Wannan ne MTU ɗinka. A PPPoE tsantsa za ka tsaya a 1464, wato MTU 1492. A fayawol, buɗe ICMP nau'i 3 lamba 4, wato saƙon da ke cewa ƙunshi ya yi girma, sannan ka rage MSS, wato iyakar bayanan da ƙunshin TCP ɗaya ke ɗauka, a kwantirola zuwa wajen 1250. Rage MSS yana gyara TCP ne kaɗai, wanda shafuka da fayiloli ke bi, don haka sai ka gwada kiran bidiyo daban.