Hukuncin Haɗa Janareta da Wayar Gida Ba Tare da Makunnin Canji Ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ina da ƙaramin janareta. Idan aka ɗauke wuta sai in kashe babban makunnin gidana, in ɗauko wata waya mai filogi a kai biyu da na sa aka haɗa mini, in soka kai ɗaya a jikin inji, ɗaya a soket ɗin bango, gida duk ya ɗauka. Shekara 3 ke nan ina yin haka, ko sau ɗaya ban taɓa manta kashe makunnin ba. Kwanan nan wani mai gyaran wuta ya ce mini wutar injina tana iya komawa layin kamfani ta kashe mutum, wai dole in sa makunnin canji. Ni dai na ɗauka neman aiki yake. Gidana ne, injina ne. Shin akwai laifi a kaina a shari'a? Kuma idan wani abu ya faru, ba ma'aikacin da ya hau falwaya ba ne ya kamata ya kula da kansa?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Ɗan'uwa, mai gyaran nan gaskiya ya faɗa maka, ko da kuwa neman aikin yake. Haɗin da ka siffanta bai halatta ba, kuma wajibi ne ka bar shi tun daga yau. Duk wanda zai shigar da wutar janareta cikin wayoyin gida, wajibi ne ya sa makunnin canji, wato na'urar da ke raba gidan da layin kamfani ta yadda ba zai yiwu wutar biyu su haɗu ba, ko ya tuna ko ya manta.

Malamai suna cewa hukunci a kan abu reshe ne na fahimtar abin, don haka sai mu fara da yadda wutar take tafiya.

Wayar da ke shigo da wuta gidanka ba ƙofa ce mai buɗewa ta gefe ɗaya ba. Yadda wuta ke shigowa ta cikinta, haka take fita ta cikinta. Idan inji yana aiki kuma babban makunni yana kunne, wutarsa za ta bi ta mita ta fita zuwa falwaya, ta shiga gidajen da kuke layi ɗaya, ta isa taransifoma. Ita kuwa taransifoma ba ta san gaba ba, ba ta san baya ba. Aikinta na yau da kullum shi ne ta karɓi wuta mai ƙarfin dubban bolt, kamar 11,000 a wurare da yawa, ta sauko da ita zuwa 230 da ake amfani da ita a gida. Idan aka ba ta 230 ɗin ta baya, sai ta ɗaga ta zuwa dubbai ta tura kan babban layi. Kada ƙanƙantar injin ta ruɗe ka. Inji mai kilowat 2 yana ba da kusan amfiya 9 (amfiya ma'aunin yawan wutar da ke gudana ne), alhali abin da bai kai kashi 1 cikin 10 na amfiya ɗaya ba, idan ya ratsa ƙirji, yana iya rikita bugun zuciya har ta tsaya.

Wani zai ce ai da wuta ta fita sai injin ya shaƙe ya mutu, don ba zai iya ɗaukar kayan unguwa guda ba. Sau da yawa haka ne. To amma ka duba lokacin da hakan ba ya faruwa: lokacin da waya ta tsinke, ko aka cire fiyus, aka yanke ɓangarenku daga sauran layi, nauyin da ke kan injin ya zama kaɗan, sai ya ci gaba da aiki lafiya lau yana cika wayar da wuta. Wannan kuma shi ne daidai lokacin da ma'aikaci yake kan falwaya yana gyara, ko wayar tana kwance a ƙasa yara suna tsallake ta, kowa ya sakankance babu wuta tunda an ɗauke. Abin da ya sa ka tayar da inji shi ne ya kawo mutumin kan layin. Haɗarin yana nan a tsakiyar aikin, ba a gefensa ba.

Sai kuma abin da zai same ka kai kanka. Idan aka dawo da wuta ta tarar da ta inji a kan waya ɗaya, ba a jere suke bugawa ba, inji yakan ƙone, wani lokaci har da gobara. Ita kuma wayar mai kai biyu, da zarar an soka kai ɗaya, haƙoran ɗaya kan suna tsirara da wuta a jikinsu, yaro ya taka ta ta fita daga bango, shi ke nan. A watan Satumba na 2022 hukumar kare masu sayen kaya ta Amurka ta fitar da gargaɗi cewa a daina amfani da irin wannan waya, a jefar da ita.

To, mu zo ga dalilai.

Asali a wannan babi shi ne faɗin Manzon Allah (SAW): “Ba cuta, ba cutarwa.” Imam Malik ya kawo shi a Muwaɗɗa, Ibn Majah da Daraƙuɗni ma sun ruwaito shi, kuma malamai sun karɓe shi har ya zama ɗaya daga cikin manyan ƙa'idojin fiƙihu. Maganarka ta “gidana ne, injina ne” a nan take tsayawa. Mutum yana da ikon sarrafa mulkinsa matuƙar cutar ba ta tsallake katanga ba, wutarka kuwa ba katanga kaɗai take tsallakewa ba.

Shari'a ba ta jira sai cutar ta auku kafin ta hana. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Musa al-Ash'ari (RA) cewa Annabi (SAW) ya umarci wanda zai ratsa masallaci ko kasuwa ɗauke da kibiyoyi ya riƙe tsininsu da hannunsa, don kada ya soki wani Musulmi. Mai kibiyar bai yi nufin sukar kowa ba, kuma mai yiwuwa ya ratsa kasuwa sau ɗari ba wanda ya ji ciwo, duk da haka aka ce ya riƙe. Haka nan shi Abu Musan ya ba da labarin wani gida da ya ƙone da mutanensa cikin dare a Madina, sai Annabi (SAW) ya ce wannan wuta maƙiyiyarku ce, idan za ku yi barci ku kashe ta. Wannan shi ne abin da malaman usul suke kira toshe kafar ɓarna, kuma Malikiyya sun fi kowa riƙo da shi.

Yanzu ga wurin da nake so ka tsaya ka yi tunani, domin nan ne ƙarfin hujjarka yake. Ka ce shekara 3 ba ka taɓa mantawa ba. Na yarda da kai. Amma me ya tsaya tsakanin injinka da ran mutumin da ke kan falwaya? Tunawarka ce kawai. A cikin duhu kake yin aikin, sau da yawa da gaggawa, wani lokaci an tashe ka daga barci. Ranar da ka yi tafiya, wa zai tayar da injin? Ɗanka, ko ƙanenka, ko mai ɗakinka. Ranar da maƙwabci ya leƙo ya ce an kawo wuta, wani a gidan ya ruga ya ɗaga babban makunni kafin a zare wayar inji, wa za ka zarga? Ba kullum ake kwana a gado ba. Sannan makunnin da kake dogaro da shi, a wasu gidajen waya ɗaya kaɗai yake yankewa ya bar ɗayar a haɗe, kuma idan mai haɗin ya juya wayoyin, sai ka kashe makunni alhali wuta tana fita ta wadda ba a yanke ba.

Makunnin canji, wanda masu aikin wuta suke ce wa canja-oba, ba ya dogaro da tunawar kowa. Hannunsa ɗaya ne: ko yana wajen kamfani, ko yana wajen inji, ko yana tsakiya a kashe. Ƙirarsa ce ta hana shi taɓa ɓangarorin biyu a lokaci guda. Akwai na hannu, akwai mai canja kansa, akwai kuma wani ƙarfe da ake ɗaurawa a allon makunnai wanda ba ya barin a ɗaga na inji sai an sauke na kamfani. Kowanne daga cikinsu ya wadatar idan ƙwararre ya sa shi yadda ƙa'idar wurinku ta tanada. Tunda kare ran mutane wajibi ne, kuma ba ya tabbata ga mai wannan haɗi sai da irin wannan na'ura, to na'urar ta zama wajibi, bisa ƙa'idar nan cewa abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma wajibi ne.

Kada kuma a kawo mini hadisin da ya ce an yafe wa al'umma kuskure da mantuwa. Abin da aka ɗauke shi ne zunubin mantuwar, ba biyan haƙƙin mutane ba. Kuma laifin a nan ya riga mantuwar zuwa: laifin shi ne ka san haɗarin, ka zaɓi tsarin da mantuwa ɗaya za ta ci rai. Kai yanzu an sanar da kai, uzurin rashin sani ya faɗi.

A taƙaice zan ƙara cewa kamfanonin wuta da hukumomi a ƙasashe da dama sun shar'anta wannan na'ura. Inda aka shar'anta ta, saɓa mata saɓa alkawari ne da saɓa wa majiɓinta al'amari a abin da yake maslaha tsantsa, kuma Allah ya yi umarni da cika alkawura a farkon Suratul Ma'ida, ya yi umarni da ɗa'a ga majiɓinta al'amari a aya ta 59 ta Suratun Nisa'i.

Idan aka yi rashin sa'a wani ya mutu fa?

Fuƙaha'u suna kiran irin wannan kisa ta hanyar sababi, wato mutum bai kashe da hannunsa ba amma shi ne sanadi. Annabi (SAW) ya ce rijiya ba a biyan diyyar wanda ya faɗa cikinta, amma Imam Malik ya bayyana a Muwaɗɗa cewa wanda ya haƙa rijiya a kan hanyar Musulmi, ko ya ɗaure dabba, ko ya yi makamancin haka a inda ba a halatta masa ba, shi ke da lamunin abin da ya auku, wato alhakin biya yana kansa. Abin da bai kai sulusin diyya ba daga dukiyarsa za a biya, abin da ya kai sulusi zuwa sama kuwa a kan aƙila yake, wato danginsa da ke ɗaukar masa diyya. Shehu Khalil a Mukhtasar ya lissafa daga cikin masu lamuni wanda ya hura wuta a ranar iska mai ƙarfi, da mai katangar da ta karkata aka gargaɗe shi, yana da halin gyarawa bai gyara ba har ta faɗi. Ban ga mas'alar da ta fi wannan ta katanga kama da taka ba. Layin kamfani hanya ce ta jama'a, ba ka da izinin zuba wuta a kansa, kuma gargaɗi ya iso ka.

Don haka hukuncinsa na kisan kuskure ne da ke aya ta 92 ta Suratun Nisa'i: diyya ga magada, wadda asalinta raƙuma 100 ne ko dinare 1,000, sai kaffara, wadda a yau ita ce azumin wata 2 a jere. Mafi yawan malamai sun wajabta kaffarar a kan mai sababi, Hanafiyya kuwa sun ce diyya ce kawai a irin wannan. Kayan maƙwabta ko na kamfani da suka ƙone, wannan biya ne daga aljihunka.

Batun ma'aikaci kuwa, gaskiya ne ƙa'idar aikinsa ta ɗora masa ya gwada layi ya kuma haɗa shi da ƙasa kafin ya taɓa. Idan ya yi sakaci, alƙali zai duba wannan tare da shaidar masana lokacin yanke hukunci. Amma sakacinsa bai halatta maka naka ba, kuma yaron da ya taka tsinkakkiyar waya ba shi da na'urar gwaji. Masu cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa sun faɗi gaskiya game da ƙaddara, sai dai ƙaddara ba ta taɓa sauke diyya daga kan kowa ba. Mai raƙumi ma cewa aka yi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali.

Mai gyaran wutar da ya haɗa maka waya mai kai biyu, da mai sayar da ita alhali ya san abin da za a yi da ita, sun yi tarayya a laifin, domin taimakekeniya ce a kan ɓarna. Wanda kuma ya karɓi aikin sa makunnin canji bai iya ba, ko ya iya ya yi ha'inci, lamuni yana kansa, kamar yadda hadisin Abu Dawud ya ɗora lamuni a kan wanda ya yi wa mutane magani ba a san shi da likitanci ba. Masu sola su ma su kula: inbata, wato na'urar da ke juya wutar sola zuwa irin ta gida, wadda ake haɗawa da layin kamfani an ƙera ta ne ta yanke kanta cikin daƙiƙa 2 idan layin ya mutu, wadda ba a yi ta don haka ba hukuncinta na janareta ne.

Idan ba ka da halin sa makunnin yanzu, ko haya kake mai gida bai yarda ba, babu larurar da za ta halatta maka tsohon haɗin, domin akwai mafita. Ka jawo waya mai kauri daga jikin inji kai tsaye zuwa firji ko fanka ko na'urar mara lafiya, ba tare da ta taɓa wayoyin bango ba. Injin kuma ya zauna a waje, nesa da taga da ƙofa, saboda iskar gubar da ke cikin hayaƙinsa ba ta da wari kuma tana kashe mai barci. Ita kuwa wayar mai kai biyu, kada ka ajiye ta, kada ka ba wani kyauta. Ka datse kawunanta kafin ka jefar.

Allah ne mafi sani.