Baba ya daina fita majalisa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Goggo. Mahaifina ya yi ritaya shekara shida da suka wuce, bayan ya cika shekara 35 yana aikin gwamnati. Da can zaurenmu ba ya rabuwa da baƙi. Yanzu daga masallaci sai ɗaki. Abokan majalisarsu biyu sun rasu, amininsa kuma ya koma Bauchi wurin 'ya'yansa. Mu huɗu muna haɗa masa kuɗi duk wata, amma kullum sai ya ce mun yar da shi. Ina laifinmu?
'Yarki daga Jekadafari, Gombe

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya yi muku albarka da wannan hidima. Sai dai Baba bai ce yunwa yake ji ba.

Baƙin da suka cika zaurenku, da yawansu kujerar suke gaisarwa, kuma kujerar tana can ofis. Kada ki ga laifinsu sosai, haka aikin gwamnati ya gada. Idan na ƙirga daidai, a tsohuwar Jihar Bauchi Baba ya kama aiki, kafin a cire Gombe a ranar 1 ga Oktoba, 1996. Tun daga lokacin sa'o'insa suka rabu jiha biyu, ritaya da mutuwa suka ƙarasa sauran.

Dubi mahaifiyarki. Tana da biki, da barka, da Islamiyya, da 'yan adashinta. Mu mata zumuncinmu ba ya ritaya. Na ga wannan a gidana: ranar da maigidana ya ajiye aiki wayarsa ta yi tsit, tawa kuwa ba ta fasa ƙara ba, har haushi abin yake ba shi.

Mutumin da ya saba a zo neman shawararsa, yau sai dai ya ji alat ya shigo. Ku riƙa kawo masa magana tun ba a yanke ta ba, ko ta neman aure ce, ko sayen fili a Tumfure, ko makarantar da za a sa jika. In ya faɗi tasa, a ɗauki wani abu a ciki, don tsoho yana gane shawarar jeka-na-yi-ka.

A kuma duba kunnensa a asibiti. Dattijai da dama suna gudun majalisa ne don ba sa jin hira sosai, suna kunyar cewa a maimaita. In abinci ko barci ya ragu, a gaya wa likita.

Sai batun aminin nan. A Sahihu Muslim, hadisin Ibn Umar ya nuna cewa sada zumunci da masoyan mahaifi yana cikin mafificiyar biyayya. Gombe zuwa Bauchi ba ta fi tafiyar awa biyu da 'yan kai ba. Watan nan ku rage wani abu daga kuɗin ku zuba wa mota mai, yayanku ya kai shi ranar Asabar. In sun isa ya bar musu zauren, kada ya tsaya a kansu yana duba agogo.