Hajiya, sikelin kasuwa bai san tarihi ba

Wata Hajiya mai sana'ar gwal ta turo min tambaya, wai a zuwanta Dubai wani dila ya nuna mata tsofaffin sulallan zinari na Ingila masu kan Sarauniya Victoria, ya ce ba su taɓa yawo a hannu ba, amma kuɗin kowanne ya ninka farashin gwal ɗin da ke jikinsa sau uku, shin ta zuba jari ko ta bari?

To Hajiya, abin nan farashi biyu gare shi. Akwai na nauyi wanda kin fi ni sani, irin wannan sulen, wato fam ɗin gwal na Ingila, giram 7.98 ne, karat 22, tsantsar gwal ɗin ciki wajen giram 7.32. Sai kuma farashin masu tara kayan tarihi, su shekarar da aka buga shi suke kallo da inda aka buga da yadda ya tsira ba ƙwarzane. Wannan na biyun shi ke kai abu sama, a 2021 an sayar da sulen Amurka na 1933 dala miliyan 18.9 a gwanjon Sotheby's, dinarin Banu Umayya na shekarar 105 bayan hijira kuma ya haura fam miliyan 3 a Landan. Amma fa waɗannan ɗaiɗaiku ne, na Victoria kuwa miliyoyi aka buga, yawancinsu kuɗin nauyinsu kawai suke yi da ɗan ƙari.

Matsalar ita ce ranar da kika matsu kika fito da shi a Kano, maƙeri zai ɗora a sikeli ya goga a dutse ya faɗa miki kuɗin giram, shikenan, ninkin nan da kika biya ya tafi, don mai sayen tarihi yana Landan ko Amurka kuma masu gwanjo sai sun cire nasu kason.

In dai ranki ya biya, kar ki saya sai wanda kamfanonin tantance sulalla, PCGS ko NGC, suka tantance suka rufe a ƴar roba, suna ba da maki daga 1 zuwa 70, daga 60 ne ake cewa bai yi yawo ba. Ki duba lambar da ke jikin robar a shafinsu tun kina tsaye a shagon, don jabu sun yi yawa, har robar ma ana kwaikwaya. Kuma don Allah kar a wanke shi ko a goge ya yi ƙyalli irin na sarƙa da awarwaro, balle a huda a rataya, gogewa ɗaya ta isa ta zubar da darajar.

Ni dai da ni ce ke, uwar kuɗi ba za ta shiga nan ba, daga riba zan sayi guda ɗaya in ajiye in koyi harkar tukunna. Kuma ki haɗa shi cikin lissafin zakka, in gwal ɗinki ya kai giram 85 shekara ta zagayo sai an fitar ko da yana kwance a akwati.