Inda za ku ci abinci tsakanin Bronx da Chicago

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Tun jiya da dare na ga tambayarka, sai yanzu na samu zama. Ka ce za ka tuƙa iyali daga Bronx ta birnin New York zuwa Chicago a Amurka a wannan hutun na yara, har da Hajiya mahaifiyarka da ta zo ziyara daga gida, kana neman inda za ku riƙa tsayawa ku ci abinci mai kyau kuma na halal, tunda ita ba ta iya cin burodi da naman nan na bakin hanya. Allah ya ƙara mata lafiya. Hanyar nan na sha bin ta, da iyali da kuma ni kaɗai.

Tafiyar ta kusa mil 800, awa 12 zuwa 13 in ba a tsaya ba, mafi yawanta a kan babban titin I-80. Babban abin da zan ce maka, kada ka bari sai yunwa ta kama yara sannan ka fara neman wuri. Shuɗayen allunan da za ka riƙa gani kafin kowace mafita ba abin da suke nuna maka sai McDonald's da Subway da ire-irensu. Abincin kirki yana cikin gari, inda mutane ke zaune, minti goma ko sha biyar daga babban titi. Ni tun daga gida nake duba inda Musulmi suke da unguwa a kan hanyata, sai in haɗa shan mai da sallah da cin abinci a wuri guda.

Tsayuwarka ta farko Paterson ce a New Jersey, I-80 ta cikinta ta ratsa. Za ka ce ai ko awa ɗaya ba ku yi da barin gida ba. Haka ne, amma guzuri za ka yi. Ka shiga Main Street ta ɓangaren kudu, unguwar Falasɗinawa da Turkawa da Siriyawa, ka sayi gasasshiyar kaza da shinkafa da gurasa mai zafi, a zuba a kula. Dalili shi ne da zarar kun haye kogin Delaware kun faɗa Pennsylvania, mil ɗari uku da 'yan kai ne na duwatsu da daji da ƙananan garuruwa. In ba State College ba, garin jami'ar Penn State da ke ɗan gefen hanya, inda ɗalibai 'yan ƙasashen waje suka sa ake samun halal, da wuya ka ga abin da Hajiya za ta ci hankalinta kwance.

In dole ta sa kun shiga gidan abincin ƙaramin gari, to ka buɗe baki ka yi tambaya. Wata shekara mun tsaya a wani irin wannan, na ce a kawo mana wake da ganye, don a tunanina babu inda nama zai shigo. Uwargida ce ta juya cokali ta ga 'yan jajayen gutsattsari a ƙasan kwano. Da na kira mai kawo abincin, sai ta ce ai ham ne, wato naman alade, don ɗanɗano ake sawa. Ta ba da haƙuri sosai, ta ɗauke, kuma na ga alama da gaske ba ta lissafa shi cikin nama ba. Tun ranar na daina tambayar "akwai nama?" Sunayen nake kira ɗaya bayan ɗaya: pork, ham, bacon, lard. Ukun farko duk naman alade ne, na ƙarshen nan kuwa kitsensa ne, yana shiga waken 'yan Meziko da wasu kayan fulawa. Kifi ma ka tambaya ko an kwaɓa fulawarsa da giya, don suna yi. Ƙwai kuwa a kan farantin ƙarfen da aka soya bacon ake fasa shi, sai ka roƙa a soya maka a kasko daban. Yawancinsu suna yi ba tare da ɓata rai ba.

A wasu tashoshin da direbobin tirela ke yada zango za ka ga gidan abincin 'yan Punjab, suna ce masa dhaba, domin 'yan Sikh masu rawani sun yi yawa a harkar tuƙin tirela a Amurka. Abincinsu na da zafi da yaji, irin wanda bakinmu ya saba. Sai dai rawanin kada ya sa ka ɗauka Musulmi ne, addininsu daban, namansu ba lallai ya zama yankan Musulunci ba. Ku ci shinkafa da miyar wake da gurasarsu da shayin madara, za ku ƙoshi.

Yanzu ga shawarar da na fi so ka ɗauka. Kada ka yi tafiyar a yini ɗaya da dattijuwa a mota. In kun iso Toledo a Ohio, ka sauka daga hanyar da ake biyan kuɗi ka hau I-75. Akwai babban masallaci a Perrysburg, mai ƙubba da hasumiya biyu, ana hango shi daga titi, ku yi sallah ku miƙe ƙafa. Daga nan ka yi arewa kamar awa ɗaya, sai ga ku a Dearborn ta Michigan. Ɗan uwa, ratsen nan ya cancanci man da za ka ƙona. A Warren Avenue allunan shaguna da Larabci suke, mahauta na halal, ba sai ka yi ta tambaya ba. Ka nemi gidan abincin 'yan Yaman ka ce a kawo mandi ko hanis, shinkafa da naman rago da ya dahu har yana zamewa daga ƙashi, a babban faranti ɗaya. In Hajiya ta taɓa zuwa Makka za ta gane shi tun daga ƙamshi. Ranar da na kai surukata, ta wanke hannu ta ajiye cokali gefe, ba ta ce uffan ba sai da farantin ya yi rabi. Bayan nan ku biya shagon kayan zaƙi na Shatila ku sayi baƙlawa ta tsaraba. Ku kwana, da safe ka kama I-94, awa huɗu da rabi kuna Chicago. Can kuma Devon Avenue na jiranku da biryanin 'yan Pakistan. Ka tuna agogon Chicago yana bayan namu na New York da awa ɗaya, saboda lokutan sallah.

Manhajar Zabihah ta neman abincin halal da Google Maps suna taimakawa, amma ka karanta ra'ayoyin baya-bayan nan, kuma ka buga waya kafin ka karkata, don gidan abinci kan canja hannu allon halal na nan a manne. Wanda ya fi manhaja shi ne direban tasi ko wanda kuka haɗa sahu da shi a masallaci. Ka ce masa, "Kai ina kake kai iyalinka?"

Kuɗin da ke rubuce a takardar abinci ba shi kaɗai za ka biya ba, akwai haraji a kai, sannan tukwicin kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari in an zaunar da ku an kawo muku. Faranti ɗaya na isar yara biyu. A ƙananan garuruwa ƙarfe tara na dare an rufe, wasu ma ba sa buɗewa Lahadi. Ka saka yaji a jaka, da fulas na ruwan zafi don shayin Hajiya, ƙanƙarar kula kuma kowane gidan mai na sayarwa.

Allah ya kai ku lafiya. A gaishe min da Hajiya da kyau.